Taragon da Ya Ƙi Haɗuwa

Laifin ƙafar Rabi'a ne, kuma ba ta ɗora wa kowa ba. Tana shara da safe, ta ja da baya, sai ta ji ƙaras a ƙarƙashin diddigenta. Ko da ta duba, jan taragon nan ne na ɗaukar gyaɗa, ya rabe gida biyu, ƙafafunsa sun kama gabansu. Robar dama ta sha zafin Jidda shekara da shekaru, neman dalili kawai take yi.

A wani gidan, abin wasan yara ne ya fashe, a share a zubar. A ɗakin Rabi'a da ke unguwar Ammariyya a Jidda kuwa, wannan ɗan jirgin ƙasa shi ne abin da ke riƙe da mijinta a cikin gida.

Malam Muntaka ma'aikacin reluwe ne a Zariya tun yana saurayi. Aikinsa haɗa taragu: ya shiga tsakanin biyu, ya saƙala ƙugiya, ya ja ya ji ta kama, ya fito ya ɗaga wa direba hannu. A 1977 suka zo aikin hajji shi da Rabi'a. Alhazai suka koma, su suka zauna. To, ka ji ikon Allah, mutumin reluwe ya ƙare a garin da ko taku ɗaya na layin dogo babu. Ya yi ta dako a rumbunan kaya har bayansa ya ranƙwafa. Wata rana ya tsinci kan jirgi na wasa da layinsa a kasuwar gwanjo, ya kafa su a kan falle guda na katako. Daga nan sai ya riƙa sayen taragu ɗaya bayan ɗaya a wani shago a Balad, tsohuwar kasuwar garin, masu arahar nan da iska ke iya turewa. Ƙafafunsu na roba ne, da an sha kwana sai su yi tsalle su bar layi. Shi ya riƙa cusa musu ƙusoshi a ciki don su yi nauyi. Da haka suka kai shida.

Yanzu shekaru sun ja, hankalin Malam ya soma guduwa. Yakan manta ya ci abinci, yakan kira 'yarsu Luba da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun a gida. Amma da an sallame asuba zai jawo katakon nan daga ƙarƙashin gado, ya jera taragunsa, ya ja kowace ƙugiya ya ji ta kama, sannan ya ba jirgi wuta. Muddin jirgin ya cika, to yana bakin aiki, kuma ma'aikaci ba ya barin wurin aikinsa. In wani abu ya tangarɗe kuwa, sai ya nemi takalmansa, wai zai je tasha ya kai rahoto. Maƙwabta sun sha dawo da shi daga bakin titi. Shi da Rabi'a babu mai iƙama, wato takardar izinin zama. In aka kama shi, sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga nan sai Kano, shi kaɗai, tsohon da bai san a wace shekara ake ba. Wannan ne abin da ke hana Rabi'a sakewa ko da a kan sallaya.

Ta tattara ɓaraguzan ta ƙulle a bakin zani, amma ina! Bai ko gama jeri ba ya ɗago kai.

"Ina na gyaɗa?"

"An kai shi loko, wurin gyara, Malam."

"Wa ya ba da izini?"

"Shugaban tasha."

Ya dube ta a karkace. "Bai gaya mini ba. Miƙo mini takalmana."

Da ƙyar da lallashi ta zaunar da shi, ta buga wa Luba waya. Luba a Jidda aka haife ta, tana aure a unguwar Ruwais, kuma ta sami takarda ta hannun mijinta Saleh. Ta iso tana nishi da tsohon cikinta, ta zauna a bakin ƙofa.

"Ummi, ki sa masa kwaɗo a ƙofa, halas, magana ta ƙare. Kowa ya huta."

"Ubanki ne fa, ba akuya ba. Ran da na gwada, ihun da ya yi har mai gidan haya ya sauko. Kina so a kira mana masu kaki har ɗaki?"

Rabi'a ta zura abaya ta nufi Balad.

Mai shagon na dā ya rasu, ɗansa Othman ne a ciki, jikan alhazan da suka zo a ƙafa. Hausarsa duk ta lanƙwashe, amma bakin ciniki bai lanƙwashe ba. Ta kwance bakin zani ta nuna masa. Ya yi dariya.

"Ya khala, wannan ai tun zamanin abuya, mahaifina! Tsaya ki ga jadid, sabo fil."

Ya ɗauko wani a kwali mai fuskar leda. Ja ne shi ma. Ya ɗora mata a tafin hannu, ta ji nauyi.

"Kin ji? Ba sai an sa komai a ciki ba. Ƙafa ƙarfe ne, wallahi ba ya sauka daga layi. Dubi ƙofa, tana buɗewa. Dubi rubutu, dubi ɗan tsani. Dā sai masu tsada ke da wannan. Yanzu mai araha ya kamo su, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba."

Gaskiya Othman ya faɗa, abin ya yi kyau. Rabi'a ta tura 'yar ƙofar da farce, ta buɗe sumul. Har ta ji wani ɗan daɗi, ta ce a ranta yau Malam zai ga abin da bai taɓa mallaka ba. Ta duba ƙafa, ta duba rufi, ta duba launi. Goshin taragon ne kawai ba ta duba ba. Ina ta san ana duba nan? Shekarun nan duka ita shara take yi a gefen jirgin, ba ta taɓa haɗa shi ba.

Malam ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya murza ƙafafun kusa da kunnensa, ya gyaɗa kai.

"Sun yi aiki a loko," in ji shi. "Kai, sun yi aiki."

Ya ɗora shi a layi a ƙarshen jeri, ya tura shi a hankali ya daki na gabansa. Bai kama ba. Ya sake turawa. Tsofaffin taragun ƙugiya gare su, siririya mai lanƙwasa. Sabon kuwa wani abu gare shi kamar dunƙulallen hannu, irin na jirgin gaske na zamani. Suna taɓa juna, amma babu mai riƙe wani.

Ko ya manta, ko ya ɗauka ya kama, oho. Ya ba jirgi wuta. Biyar suka tafi, sabon ya tsaya cak inda yake. Layin kuwa da'ira ne. Kan jirgin ya zagayo, Malam ya hango abin da zai faru, ya miƙe yana kaɗa hannu biyu.

"Tsaya! Tsaya! Akwai tarago a kan layi!"

Kan jirgin ya daki sabon taragon, komai ya watse a kan tabarma. Malam ya dafe kai, yana tambaya ko akwai wanda ya mutu. Rabi'a ta riƙe shi tana cewa kowa lafiya, kowa lafiya, alhali ita kanta ba lafiyar ba.

Washegari ta koma wurin Othman, ranta in ya yi dubu ya ɓaci.

"Ka ba ni mai ƙugiya irin ta dā."

"Sun daina yi, ya khala. Waccan ƙugiya ba kyau, kowa yana kuka da ita. An ci gaba."

"An ci gaba an bar mu ina?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ta kawo sauran biyar ɗin ya sauya musu duka. Ta yi murmushin takaici. Wanda ya tada ƙura a kan guda ɗaya, shi za a kwashe wa biyar? Othman ya bincike kwalayen ƙarƙashin kanta, ya buga waya shago biyu, babu. Ba mugu ba ne, kayan ne suka gyaru suka wuce su.

Da ta dawo sai ta ɗauko baƙin zare daga gwangwanin ɗinkinta. Malam na banɗaki, ta ɗaure dunƙulallen hannun da ƙugiyar, ta yi ƙulli uku, ta cije saura. Da ya fito ya bi jerin yana ja, har ya iso wurin. Ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.

"Zare," in ji shi. "Wa ya koya wa yaran nan aiki?"

Amma ya ba da wuta, jirgin ya tafi da shida. Sabon taragon na bi a baya, ƙafafunsa na ƙarfe suna wata 'yar ƙara mai daɗi a gaɓar layi, ƙarar da tsofaffin ba su taɓa yi ba. Rabi'a ta sauke ajiyar zuciya. Kwanaki suka wuce a haka. Sai dai kullum da safe in ya zo kan zaren yakan tsaya, ya taɓa shi, ya yi tsaki. Tana gani, tana kau da kai, don ba ta da wata dabarar.

Ranar da abin ya faru, gas ne ya ƙare tana tsakiyar girki. Malam ya kishingiɗa bayan azahar, har da minshari. Ta ce bari ta leƙa ta kira mai gas, nan da can ne. Da ta dawo ƙofa a buɗe take. Taragu biyar na jere a kan layi. An kwance zaren tsaf, ba a tsinke ba, an naɗe shi an ajiye a gefen katako. Babu sabon tarago, babu takalma.

Ta fito ko ƙofar ba ta rufe ba. A bakin lungu akwai wani tela, Musbahu, wanda ya zo umara bara ya maƙale. Bai san Malam ba sai gaisuwa.

"Ɗan nan, ka ga Malam?"

"Baba? E, Hajiya, ya wuce tun ɗazu. Ya tambaye ni tashar jirgi."

"Ka ce masa me?"

"Na ce wacce, ta sama ko ta ruwa? Ya ce inda ake lodin kaya. Sai na gane tashar jiragen ruwa yake nufi. Na ga ya tsufa, rana kuma ta yi zafi, sai na tare masa wani mai motar kaya da na sani, yana can hanyar." Ya ga fuskarta ta sauya. "Hajiya, na yi laifi ne? Sori, wallahi taimako na yi."

Me za ta ce masa? Jirgi dai jirgi ne a bakin Bahaushe, tasha kuma tasha. Ta tare tasi.

Tun daga nesa ta hango motar, doguwar bas mai raga a tagogi, tana tsaye kusa da ƙofar tashar. An tara wasu 'yan dako a gefen titi ana duba takardu. Ga Malam a cikinsu, da farar hularsa a karkace, yana miƙa wa wani jami'i jan taragon, yana nuna masa goshinsa da yatsa, yana bayani da Hausa tiryan-tiryan. Jami'in ya kaɗa kai, ya kama shi a dantse ba da ƙarfi ba, ya hau da shi motar.

Rabi'a ta tsaya a tsallaken titi. Fuskarta a rufe, babu wanda ya kula da ita, kuma babu wanda zai kula in ta juya. Ta ciro waya.

"Luba, sun kama shi."

Luba ta kwarma salati. "Ummi, kina ina? Kada ki matsa! La, la, ki dawo. Saleh zai nemi wani, zai yi magana."

"Wa zai nema? Su wa muka sani?"

"Ummi, wata mai zuwa zan haihu. Wa zai zauna da ni? In kin tafi ba za su bar ki ki dawo ba, kin sani!"

Ta sani. Ta so ta ga jikan nan, so ba na wasa ba, har ta ɗinka masa 'yan riguna suna cikin akwati. Amma ta tagar motar tana hango Malam yana waige-waige, yana neman wanda zai karɓi rahotonsa. A can gidan tarhil za a tambaye shi sunansa da garinsu, wa zai amsa? Wa zai ce masa ya ci abinci? In an sauke shi a Kano, wace hanya zai bi?

"Rigunan suna cikin akwatin ƙarƙashin gado," in ji ta. "Ki rufe mana ɗakin. Na bar tukunya a kan murhu. Allah Ya sauke ki lafiya, ki yafe mini."

Ta kashe wayar tun Luba na kira. Ta tsallaka titi, ta tsaya a gaban jami'in, ta nuna motar.

"Zauji," ta ce. Mijina.

"Iƙama?"

"Mafi," ta ce. Babu.

Ya dube ta, ya dubi tsohon, ya sake dubanta kamar mai ba ta damar ta sake tunani. Ba ta motsa ba. Ya matsa gefe.

Aka nuna mata kujerar da ke bayan ta Malam. Ta zauna. Bai waiwayo ba, yana ta murza ƙafafun taragon da babban yatsa. Ta zura hannu ta tsakanin kujeru, ta kama gefen rigarsa, ta naɗe a yatsunta. Ya ji an ja shi, ya sunkuyo ya dubi hannun. Ya sa nasa ya ja rigar sau ɗaya, ya sake ja. Ba ta saki ba.

"Rabi, ke ce?"

"Ni ce, Malam."

"Kin makara. Saura kaɗan a tafi a bar ki a kan layi."

Ya sake jan rigar, ya gyaɗa kai.

"Ya kama," in ji shi.

Ya ɗaga wa direba hannu. Direban bai ma gani ba, dama ya riga ya tada mota.