Fararen Kajin Habu

Farar kaza a kwando. Farin zakara, ƙafa ɗaure. Kwalin 'yan tsaki, dukansu jajaye. Gashin kaza guda, shi ma ja, a aljihu. Da waɗannan Habu ya taho daga gona a kan babur, 'yar ƙanensa Ramlat na baya tana rungume da kwalin, suka nufi ƙofar mai unguwa.

Ƙara zai kai. Kazar daga Nariya ya samo ta, zakaran daga Yalwa, kowanne fari tun kaka da kakanni. Ya haɗa su a akurki, ya sa kwaɗo. Aka ƙyanƙyashe jajaye. Jan zakara kuwa ɗaya ne a kusa, na Ishiyaku, maƙwabcinsa, wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya tun suna samari. Tun ranar Habu bai sake amsa masa sallama ba.

"Ranka ya daɗe, zakaransa ya haura min katanga," in ji Habu. Ya ajiye gashin a tabarma. "Ga shaida."

"Wannan tsohon?" in ji Ishiyaku. "Ko kan turmi ba ya iya hawa. Kamar kai."

"Mabuɗin fa?" in ji mai unguwa.

"Yana wuyana."

"To ta ina ya shiga?"

"Shi za a tambaya."

Ramlat ta dawo daga Malesiya da digiri a ilimin gadon halitta, kuma tun dawowarta ba wanda ya tambaye ta komai sai ko can ma ana cin shinkafa. Ta ce, "Baffa, launi kamar rini ne, sai baba da toka sun haɗu. Kazarka ta gaji baba, ba toka. Zakaranka ya gaji toka, ba baba. Kowanne shi kaɗai fari ne. 'Ya'yan suka samu duka biyun."

"Ban taɓa ba su toka ba," in ji Habu.

Mai unguwa ya yanke hukunci. Aka rufe fararen biyu a ɗakinsa na hatsi, mabuɗi a wuyansa. Jan zakara kuma aka tsare shi a wani gida can Rano, a ƙarƙashin kwando, an ɗora dutse. Ishiyaku na kai masa dawa ranar kasuwa.

Da lokaci ya yi aka buɗe ɗakin a gaban jama'a. 'Yan tsaki suka fito. Jajaye.

Habu ya daɗe yana kallon farin zakaransa. Zakaran ya kalle shi da ido ɗaya.

"Wato duk tsawon lokacin nan yana ɗauke da abin a cikinsa?"

"Rabinsa, Baffa."

"Ita kuma ɗaya rabin. Suna yawo a gidana fari fat."

Ban haƙuri ba halin Habu ba ne. Da la'asar ya yanka fararen biyu, aka yi farfesu, ya aika wa Ishiyaku kwanon ba saƙo. Kwanon ya dawo a wanke, da goro a ciki.

Ya kora 'yan tsakin akurki. Ramlat ta ce 'ya'yansu ma wasu za su fito farare.

"In sun fito mu yi magana." Ya ja ƙofar ya rufe. "Jajaye zan kiwata. Su dai ba su ɓoye min komai ba."