Takardun Sarkin Gudu

"Akwai wani abu a rubuce?" lauyar ta tambaye ni tana turo mini robar ruwa. "Ko kati, ko wasiƙa."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni mai gyaran firji ne, shekarata talatin da huɗu, kuma ranar ce bakina ya fara furta abin da shugaban makarantarmu ta kwana, babban malamin addini, ya riƙa yi mini a ɗakinsa ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Wa yake rubuta irin wannan?

Ta jero mini hanyoyi: in kai ƙara wurin 'yan sanda, ko in maka makarantar kanta a kotu, kuma za ta roƙi alƙali a sakaya sunana.

"Amma Malam yana da jama'a, kai bakinka kawai gare ka. Wa zai shaide ka?"

Umma ce kaɗai. Ita kuwa na fi tsoronta a kan alƙali.

* * *

Sau bakwai na gudo gida, sau bakwai Umma ta damƙi wuyan hannuna ta mayar da ni. Har na girma Sarkin Gudu take ce mini. In an taru ta ba da labarin a sha dariya, ni ma in taya su.

Na same ta tana ninke wanki. Na zauna a ƙasa, na faɗa mata komai ina kallon ƙafar gado. Na riga na haddace amsarta: malami ne, a rufa asiri, a bar wa Allah.

Sai ta durƙusa ta jawo akwatin ƙarfe, ta tono wata leda daga ƙarƙashin zannuwa. Takardu bakwai ne daga makarantar, ɗaya a kan kowane gudu, sun yi ja don tsufa.

"Na ajiye ne in nuna wa 'ya'yanka taurin kan ubansu," ta ce. "Karanta mini ta uku."

Na karanta. "Yaron ya sake gudu. Domin gyaran tarbiyyarsa, daga yau a ɗakina zai riƙa kwana." Ga kwanan wata, ga hatimi, ga sa hannun Malam. A ƙasa kuma dangwalen yatsan Umma.

"Har godiya na yi masa, Auta," ta ce. "Har addu'a."

* * *

Ni da Umma muka kai wa lauyar takardar. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau.

"Da hannunsa ya rubuta! Mama, za ki iya tsayawa gaban alƙali? Lauyansa zai ce ai ke kika yarda."

"To ƙarya zai yi? Ni na yarda, ni na kai shi. Rubuta, 'yar nan, kar ki rage ko ɗaya. In sun ga dama su sa a rediyo."

Wallahi ban san numfashi yana da daɗi haka ba. Na shanye robar ruwan tas, na nemi ƙari.

A bakin titi motoci suka taso, Umma ta damƙi wuyan hannuna, daidai wurin da ta saba. Jikina ya ɗauki rawa kafin in hana shi. Ta ji, ta yi maza ta saki.

Ni na laluɓo hannunta na riƙe, muka tsallaka.