Makarar Dda Lunis a Bakin Kwalta

Kafin su iso bakin kwalta da makarar, jandarma ya ja igiya ya rufe hanya. Maƙabarta kuwa tana tsallake.

Liman ya juyo ya harari Arezki. "Kai ka ja mana. Wajen wanka ka ce ruwa bai yi ɗumi ba, likkafani ka ce a sake. Gawa ake yi wa jan ƙafa?"

"Tsufa ne, Shehi," in ji Arezki, ya gyara makarar a kafaɗarsa.

Ƙarya yake yi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na mamacin, Dda Lunis mai gyaran keke. Tseren keken farkon shekara, wanda ake kwanaki ana yi cikin duwatsun Kabiliya tun zamanin Faransawa, Lunis ya shiga sau biyu yana saurayi, duka biyun shi ya rufe baya. Yaƙi ya tsayar da tseren, aka dawo da shi, tseren ya sake mutuwa, ya sake tashi. Duk shekarar da aka yi, Lunis na bakin titin nan da kujerarsa.

Jiya da la'asar, numfashi na sarƙe shi, ya kama hannun rigar Arezki. "Gobe 'yan tseren za su wuce. Kada ka bari a rufe ni sai sun wuce duka." Arezki bai faɗa wa kowa ba, don ya san abin da liman zai ce.

Motoci suka wuce, sai babura, sai 'yan tseren a dunƙule, iskarsu ta ɗaga gefen bargon da aka rufa wa makarar. Titi ya yi tsit.

Jandarma ya ɗaga igiya. "Ku tsallaka da sauri."

"Mu je," in ji liman.

"Da saura." Arezki ya kafe. Sauran ukun da ke ɗauke da makarar dole suka tsaya.

"Kai ka ƙirga su?" in ji liman.

Arezki ya zuba wa kwanar titin ido.

Can sai ga wani yaro shi kaɗai ya ɓullo kwana, gwiwarsa da jini, yana taka keken da ƙyar. Da ya zo daidai makarar ya saki hannu ɗaya, ya ɗaga yatsan shahada. Keken ya ɗan karkace, ya daidaita shi, ya ci gaba da hawan tudu.