Kurciya a Kan Wayar Auna Zafi

Kawuna yana da ƙaramin shagon buga littattafai da katunan gayyata, kuma duk aikin shagon a kan wata tsohuwar kwamfuta yake, wadda ke ƙarƙashin tebur, jikin bango. Ni mai gyaran kwamfuta ce, saboda haka da ta fara damunsa, ni ya kira.

"Injiniya, zo ki raba ni da wannan jirgin sama," in ji shi a waya. "Fankar cikinta sai kuka take yi, ko gaisuwar mutane ba na ji."

Na je da hantsi. Tun daga bakin ƙofa na jiyo gurnanin. Na durƙusa na gaishe shi, sai da na ɗaga murya kafin ya amsa.

"Tun yaushe take haka, Kawu?"

"Kwanakin nan ne. Abin haushin ma, takan yi shiru kaɗan da safe, ta sake yi da yamma, sai kuma ta ci gaba. Ta fi ma'aikatana kiyaye lokacin hutu."

Tsohon da ke ɗinke masa littattafai ya ɗago daga kan zarensa ya ce, "Ai ita ba ka hana ta."

Na buɗe manhajar da ke nuna lafiyar kwamfuta. Abin da na gani shirme ne zalla. Wai zafin madabod, wato babban faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, digiri ɗari da ashirin da bakwai, zafin da da gaske ne da tuni roba ta narke. Layin wutar da ya kamata ya nuna sha biyu yana nuna uku. Fankar da ke neman toshe mana kunne kuwa, wai ba ta juyawa. Na san ba ƙarfen ke ƙarya ba, direba ce, wato 'yar manhajar da ke fassara abin da na'urorin aune-aunen cikin madabod suke faɗi. An ɗora wadda ba tata ba.

Na kashe, na kwance murfin, na kwanta rub da ciki da tocila a baki har na karanto lambar da ke jikin cif, wato 'yar na'urar da ke tattara awon. Na nemo direbar da ta dace da shi na ɗora. Lissafin wuta bai daidaita nan take ba, sai da na auna da mita na gyara abin da ake ninkawa da shi. Daga nan komai ya shiga hankalinsa: wuta daidai, fanka ta nuna gudunta na gaskiya, cikin awon zafi uku da take nunawa, biyu na farko ba laifi.

Saura na uku. An rubuta masa "iskar waje", yana tsaye a talatin da takwas, alhali garin da sanyi-sanyi ranar. Kuma da shi aka ɗaure gudun fankar: muddin ya haura talatin da biyar, za ta yi ta ihu. Na ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi, sauran biyun suka hau, shi ko gezau. Na sauke aikin, suka sauko, shi yana nan. Na yi zaton direbar ce har yanzu, na duba a shafin saitin madabod inda babu ruwan direba. Talatin da takwas.

Na kai yamma ina wannan fama. Ina zaune na zuba wa allo ido, sai lambar ta fara zamewa ƙasa a hankali. Fanka ta yi tsit. Kafin in gama mamaki, ta sake hawa, ta koma inda take.

"Kin ji ko?" in ji Kawu. "Hutun yamma ke nan."

Na koma ƙarƙashin tebur. Sai a lokacin na lura da wata siririyar baƙar waya da ta fito daga gefen madabod, ta bi bayan akwatin, ta hau bango, ta shige ramin da aka huda can sama don wayoyi.

"Kawu, wa ya sa wannan?"

"Mai gyaran da ya haɗa min ita tun farko. Ya ce don ta riƙa jin yanayin waje."

Na ɗauki tsani na zaga bayan shagon, Kawu yana biye da ni yana cewa in bi a hankali. Ramin ya fito ne a kan wani ɗan dandamali ƙarƙashin rufi. Na leƙa.

Kurciya ce kwance a kan 'yan tsinkayen da ta tara, tana kallona da ido ɗaya, ba ta ko motsa ba. Baƙar wayar ta bi ta cikin tsinkayen kamar ɗaya daga cikinsu, kanta ya ɓace a ƙarƙashin ƙirjin tsuntsuwar. Da ta ɗan gyara zama, na hango farin ƙwai.

Yini guda ina zargin lambar nan da ƙarya, ashe ɗumin jikin uwa take faɗa min, daidai yadda yake.

Kawu ya matsa sai ya gani da idonsa. Na riƙe masa tsanin, ya hau da ƙyar, ya sauko yana ta tasbihi ƙasa-ƙasa. Tsoho mai ɗinki, wanda ya taɓa kiwon tantabaru, shi ya warware mana sauran: miji da mata ne ke karɓa-karɓa, shi ya kwanta da rana, ita ta karɓe shi da yamma. Ɗan shirun da fanka ke yi, lokacin da ɗaya ya tashi ne kafin ɗayan ya zauna.

"Kar ki ja wayar nan, 'yata," in ji Kawu.

"Ba zan taɓa ba, Kawu."

Na mayar da gudun fankar kan zafin kwamfutar kanta, shago ya yi shiru. Lamba ta uku kuwa na bar masa ita a kusurwar allo, da ɗan zanen layi mai nuna hawa da sauka.

Bayan wasu kwanaki Kawu ya kira ni da rana, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tada wani daga barci.

"Injiniya, layin nan ya daina miƙewa. Sai rawa yake yi, sama da ƙasa. Ya lalace ne?"

Kafin in amsa, na jiyo tsoho daga nesa yana dariya yana cewa, "Gaya mata an ƙyanƙyashe!"

Na rufe shagona na kama hanya.