Tukunyar Misfala Ta Bushe

Shekara bakwai Dawuda ya yi a ƙasan jirgin ruwa mai tururi, yana ɗura wa wuta gawayi tsakanin Sawakin da Jidda, kafin son Rumasa'u ya sauko da shi tudu. Yanzu shi ke kula da injin niƙa na unguwar Misfala a birni mai tsarki, wanda tsohuwar tukunyar jirgi ke juyawa.

Saura kwana biyu Arfa, masu burodi sun cika ƙofa da buhunan alkama. Da aka kira azahar Dawuda ya tafi masallaci, ya bar wa yayan matarsa, Lurwanu mai ga-ruwa, tsaron wurin. Lurwanu kuwa, don ya burge jama'a, ya yi ta zuba gawayi.

Rumasa'u ta iso da abincin mijinta, sai ta ji kukan injin ya canja, wani irin nishi mai sa tsikar jiki tashi. Dawuda ya shigo a bayanta, ya dubi gilashin da ke nuna ruwan tukunya. Wayam! Ƙarfen da ke saman wutar har ya soma ja. Tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai yau.

"Moya! Ruwa!" in ji Lurwanu. Ya tsoma tiyon famfo cikin garwarsa, ya kama hannun famfon. "Tukunya ta ƙone, ai ruwa ake ƙara mata."

Dawuda ya damƙe masa hannu. "Yaya, ruwan sanyi ya taɓa ƙarfen nan, wallahi ba za a sami abin yi wa wanka a cikinmu ba."

"Ya shek, yau ɗan gawayi zai koya mini ruwa? Shekara ashirin yana kafaɗata! Sake ni!"

Lurwanu ya fi Dawuda ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya hankaɗe shi, ya ɗaga hannun famfon.

Rumasa'u ba ta san kan injin ba. A kicin ɗinta, abin da yayanta ya faɗa shi ne gaskiya, kuma shi ya goyo ta tun daga Sudan, ba ta taɓa yi masa musu ba. Ta dubi mijinta a ƙasa. Sai ta sa ƙafa ta kifar da garwar. Ta kifar da ta biyun ma. Ruwan da ya sha wuyar ɗaukowa ya bi ƙasa.

"Rumasa'u! Ni?"

"Ka yafe mini, Yaya."

Dawuda ya wawuri dogon ƙarfe ya shiga jawo garwashi waje, gashin hannunsa na babbakewa. "Ku fita, yalla!"

Kowa ya watse. Ita ta ƙi. Ta tsaya tana tura garwashin gefe da murfin kwano, hawaye na zuba, har jan ƙarfen ya dusashe, nishin ya mutu.

Dawuda ya zube a ƙasa, ya miƙo mata tafukansa da suka yi bororo. Ta durƙusa ta kama su.

"A hankali," in ji shi.