Kujerar Gideon

Tun da na auri Gideon, garejinsa ba wurina ba ne. Can yake cika harsasan ƙaramar bindigarsa da hannunsa, saboda gasar harbin da suke yi a garin Bethulie duk Asabar. Harsashin kanti kuwa ya rantse ba zai harba ba. Ni ko warin man bindiga ba na so, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Da yanar ido ta kama shi, na san Asabar ɗinsa na neman kuɓuce masa, ga shi can ne kaɗai sauran abokansa suke. Ran nan da hantsi ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hula.

"Hendrina, ara mini idanunki mana."

"Au! Yau kuma na zama mutum? Tsoho, ina dokar hana mata shiga?"

"Ke dai taho, bakinki ya fi bindigata ƙara."

Na bi shi ina mita. Ya zayyana mini dokokinsa: ba hira, ba kofi, gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur. Shi zai zuba albarushi a kwanson tagulla, ni in haska kowanne da tocila kafin ya ɗora kan dalma. Wanda aka zuba wa sau biyu, bindiga zai fasa a hannun mai harbi.

Ina cikin haskawa na ga guda ya cika fiye da 'yan'uwansa. Gaba kaɗan, ga wani. Wallahi na so in zubar a ɓoye in rufa masa asiri, amma gobe fa?

"Gideon, waɗannan biyun sun sha sau biyu."

Ya karɓi tocilar, ya kai kwanson dab da hancinsa, ya daɗe yana leƙe.

"Ban ga komai ba," ya ce a hankali.

Tausayinsa ya kama ni har na rasa tsokanar da zan yi. Sai ya miƙe, ya share kujerarsa da hula.

"Zauna, matata. Ke za ki zuba."

"Ni? Ko gishirin miya da ka nake auna shi."

"Shi ya sa akwai sikeli."

Na zauna. Ya tsaya a bayana, ya ɗora hannunsa bisa nawa a kan mariƙin injin cika harsasan.

"Ja a hankali, ba ya son gaggawa."

Na ja a hankali, hannunsa na bisa nawa.