Tsuntsayen Bayan Rumfar Falalu

Da muka dawo Anacha bayan yaƙin basasa, duk unguwar Hausawa an san ni Gimba mai kanari. Keji goma sha biyu nake ratayewa a ƙofar shagona, ga kuɗin mai ya shigo gari, manyan mutane sai tsayawa suke da mota suna saye. In ana maganar tsuntsu, ni ake nema.

Sai wani malamin jami'a ya zo daga Inugu da tabarau mai hangen nesa. Ya wuce kejina ko kallo bai yi ba, ya nufi rumfar Falalu mai albasa a bakin kogi. Falalu fa, wanda bai san bambancin kanari da gwara ba!

Wai a ciyawar bayan rumfarsa akwai wasu 'yan tsuntsaye masu jan baki, da 'yar murya siririya. Malamin ya ce ba a cika samunsu ba sai a wannan yanki, yana ƙirga su ne don a san ajin da za a sa su, ko cikin masu yawa ko cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Kullum da safe Falalu ke watsa musu gero, shi ke nan gwanintarsa. Malamin ya ɗauke shi hoto, ya rubuta sunansa a littafi. A masallaci har an fara ce masa Sarkin Tsuntsaye.

Gaskiya na ji haushi, har abinci ya daina min daɗi. Matata Haulatu ta ce hassada ga mai rabo taki ce, na ce ta ji da tukunyarta.

Ranar da Falalu ya tafi sarin albasa, na shafa danƙo a karan ciyawar, na watsa gero. Cikin kwana uku na kama sha tara. Na saya musu keji mai fenti, ina jiran malamin ya zo ya ga wanda ya san tsuntsu da gaske.

Ashe ba irin kanari ba ne. Suka ƙi ci, suka ƙi kuka. Kafin malamin ya dawo saura biyu.

Ya daɗe a bakin ciyawar da tabaransa, sannan aka nuna masa shagona. Ya leƙa kejin, ya tambayi nawa na kama, na faɗa masa. Ya buɗe littafinsa ya soke wani abu, ya ce dole ya mai da su ajin da ake tsoro.

Na ce, "To, sunana fa? Gimba."

Ya ce, "Zan rubuta."

Ya kuwa rubuta, a ƙarƙashin dalilin raguwarsu.

 Har yau da safe Falalu yana watsa geronsa, gwara ce kawai ke zuwa ci.